Zuciyar da Aka Auna a Kwance

Zuwa ga Mai Girma Babban Darakta,
asibitin gwamnati mai sashen zuciya a hawan sama,
Khartum.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali da duk ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Sunana Bashir Adamu, ina sayar da takalma a kasuwar Suƙ Libiya, gidana na Umbadda. Kakanmu ya fito aikin Hajji a ƙasa, auduga ta tsare shi a Jazira, mu kuma kasuwa ta tsare mu a Umdurman. Na yi makaranta har sakandare, saboda haka in ka ga kuskure a rubutuna, ka ɗora wa kasuwa, ka bar malamaina. Takardar Larabci na riga na kai ofishinka na bar wa sakatare. Wannan ta Hausa ce, don a karanta wa mutanenmu na Umbadda da Hajj Yusuf da Mayo. Ban kama sunan asibitin ba, ban kama naka ba. A wannan zamani mutum yakan so ya kwana a gidansa.

Yabo ne ya fara kawo ni, ranka ya daɗe, Sa'adatak. Na ga yadda ake riƙon kayan gwamnati a wurare da dama, na ga motar hukuma tana dakon raguna, na ga kujerar ofis a gidan biki. Amma ban taɓa ganin abin da aka ririta kamar holtarku ba, wato ƙaramar na'urar nan da ake rataya wa majinyaci yini da kwana, a liƙa masa wayoyi a ƙirji, tana ɗaukar bugun zuciyarsa a kan kaset. Tana da jakar fata, jakar ma tana da rigar leda. Tana kwana a kabad mai kwaɗo, a ɗakin da ke da na'urar sanyi, alhali marasa lafiya na jere a baranda suna fifita da katin asibiti. Ba ta fita sai da damini, namiji mai katin shaida, wanda zai sa hannu cewa zai dawo da ita ba ƙwarzane. Ko amarya ba a fitar da ita da irin waɗannan sharuɗɗa. Ina shaida wa duniya cewa a duk waɗanda na gani a sashen zuciya, ita kaɗai ce ba ta rame ba. Allah ya saka wa wanda ya tsara wannan.

Yanzu ga abin da ya hana ni zama a rumfa.

Na ɗaya. Halima yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goye ni. Tana sayar da shayi da jabana, wato gahawa, da ligemat, fanken nan mai sukari, a gindin wata darbejiya kusa da tashar motocin kasuwa. Mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma jikoki uku na ci daga butarta. Bara, bayan Babbar Sallah, zabha ta kama ta, ciwon nan da jijiyar zuciya ke toshewa. Asibitinku ne ya tsaya mata da ikon Allah, kuma wannan ban manta ba, ba zan manta ba. Ta warke, ta koma gindin bishiyarta. Sai wani abu ya fara zuwar mata wanda da babu shi. Ta ce kamar an saki tantabara a cikin kwando a ƙirjinta, idonta ya yi duhu, sai ta dafa kujera har ya wuce. Ba kullum ba. Ba ya sallama, ba ya ban kwana. Muka koma, aka yi mata rasmin ƙalbi, awon bugun zuciya na minti ɗaya a kan gado, aka ce ba a ga komai ba sai tabon da aka sani. Wata daktora matashiya, wadda ba zan faɗi sunanta ba don kada alherinta ya zame mata laifi, ta ce irin wannan abu ba ya tsayawa a ɗauke shi hoto, sai a rataya mata holta ta bi ta gida. Aka rubuta mu a layi. Muka jira har yanayi ya juya, sanyi ya tafi, zafi ya kankama.

Na biyu. Ranar da layi ya zo kanmu, ma'aikacin ɗakin na'urar, mutum mai fara'a wanda ban da ƙorafi a kansa, ya karanta mana dokokinku yayin da wata nas ke liƙa wa Yaya wayoyi a bayan labule. Kada ta yi wanka. Kada ta kusanci wuta. Kada ta shiga cunkoso. Kada ta ɗaga hannu sama ko ta ɗauki kaya. Kada ta taɓa komai a jikin na'urar. Sannan ya zo kan babbar, ya ce kada ta yi gumi.

Sa'adatak, a Umdurman, a tsakiyar zafi, aka ce wa mace kada ta yi gumi. Na ɗauka wasa yake, na yi dariya don in taya shi. Bai yi ba. Ya bayyana mini cewa 'yan faifan nan masu danƙo da ake manna wa fata sun yi ƙaranci, ana wanke su a sake amfani da su, kuma da gumi ya taɓa su sai su ɓanɓare. In sun ɓanɓare kaset ya tashi a banza, majinyaci ya koma ƙarshen layi. In kuma na'urar ce ta sami matsala, damini ne zai biya, ya ambaci wani adadi na dinari wanda ya fi rumfata da abin da ke cikinta da ni mai zama a ciki. Na ga wani wuri a gefen na'urar an rufe shi da filasta. Na tambaya, ya ce maɓalli ne, marasa lafiya na yawan danna shi, shi ya sa aka rufe. Sai daga baya na ji daga bakin daktora cewa an yi maɓallin ne don majinyaci ya danna lokacin da abin ya zo masa, mai karanta kaset ya san inda zai duba. Wato abu ɗaya da aka bar wa marar lafiya ya yi magana da shi, shi aka toshe wa baki.

Ka lura da abin da tsarin damini ke yi. Ka ɗauki ɗan'uwan majinyaci, mutumin da ya fi kowa son a gano ciwon, ka rataya masa rumfarsa a wuya, ka mai da shi mai gadin na'ura. Daga ƙofar asibiti zuwa gida ba Yaya nake kallo ba, jakar nake kallo. Kuma ba ku ba mu ko 'yar takarda mai hatimi da ke cewa wannan kayan asibiti ne ba. A bakin gadar da ke tsakanin Khartum da Umdurman aka tsayar da motarmu kamar yadda aka saba, wani soja ya leƙo yana duba fuskoki. Yaya na zaune da akwati a ƙugu da wayoyi biyar a ƙarƙashin tob, lafayar da ta yafa. Ta ƙudundune kamar mai jin sanyi, ni kuwa ina ta tsara a raina yadda zan yi wa mai bindiga bayanin ilimin zuciya da Larabcin kasuwa. Allah ya rufa asiri, ya ce mu wuce. Amma duk wanda ya haye gada sau ɗaya da wannan kaya ba zai sake fita ƙofar gida ba sai ranar mayarwa.

Na uku, kuma wannan rabinsa namu ne, na faɗa da Hausa don mutanenmu su ji. Mu ba ma ganin mutum da waya a ƙirji mu bar shi ya tashi. Kafin mu sauka daga raksha, keken nan mai ƙafa uku, labari ya riga mu shiga unguwa: an dawo da Halima da inji. Aka fito da angarib, gadon igiya, aka ajiye a ƙarƙashin rakuba, rumfar tsakar gida, inda iska ke ratsawa, aka yayyafa ruwa a ƙasa, aka kwantar da ita. Mata suka fara shigowa dubiya, wannan ta ce kaffara, waccan ta ce salamtik ya hajja, kowacce da kwanonta. Hajiya Tasalla maƙwabciyarmu ta yanka tantabaru ta yi romo. Wata ta kawo karkade, wato zoɓo, mai ƙanƙara, wata aradeb, ruwan tsamiya. 'Yar Yaya ta zauna a kanta da mafici tun azahar, in hannu ɗaya ya gaji ta sauya. Da Yaya ta yunƙura za ta ɗauki moɗa, mata uku suka yi mata ca, suka ce Halima ki ji tsoron Allah, kina so ki tsinke wayar? Salla a zaune ta yi. Jabana, wadda take kurɓa tun safe har yamma don ɗanɗana wa masu saye, ko ƙamshinta ba a bari ya iso ta ba. Jikokin aka kwashe su zuwa gidana don kada su yi mata hayaniya.

Ita kanta da yamma ta kira ni, tana kwance tana murmushi, ta ce Bashir, tun jegon autana ban ga gata irin na yau ba, ka tambayi mutanen asibitin ko suna ba da hayar injin nan duk Juma'a. Tantabarar kuwa ko motsi. Me zai tashe ta?

Ga kuma ranar Yaya ta gaskiya, wadda kaset ɗinku bai taɓa ji ba. Daga sallar asuba take kwaɓa ƙullun ligemat. Ta ɗora kanun, wato murhunta, da buhun gawayi da jarkar ruwa a kan raksha, in babu raksha a kanta. Ta jera kujeru, ta hura wuta, ta tsuguna ta miƙe, ta tsuguna ta miƙe, har rana ta take. Wuta a gabanta, rana a bayanta, hayaƙin motocin tasha a hancinta. Direbobi na kira daga nesa, kowa na so a fara da shi. Sannan akwai kasha, kamen da ake yi wa masu sana'ar bakin titi. Kai da ke wucewa a mota mai baƙin gilashi wataƙila ba ka taɓa ganin yadda take ba. Wani zai yi ihu daga bakin tasha, kafin ka ƙifta mata sun watse, wannan da buta, waccan da kofuna a bakin zane, masu jikoki suna gudu kamar 'yan mata, don abin da aka jefa a bayan motar nan ba ya dawowa. Yaya na gudu da tafasasshen ruwa a hannu, da zuciya mai tabo. Wannan ita ce zuciyar da muka kawo muku ku auna. Wadda kuka auna wata ce daban, mai shan romon tantabara a inuwa.

Na huɗu. Sakamako ya fito da kalma ɗaya a ƙasa, salim, wato lafiya lau. Ranar daktorarmu ba ta nan, wani ne ya duba, ya taya mu murna, ya rubuta a mai da Yaya asibitin unguwa, sashen zuciya ya gama da ita. Ba na zarginsa, abin da ke gabansa ya karanta. Babu wanda ya tambaye mu yadda ta yini. Muka dawo gida aka yi guɗa, Hajiya Tasalla ta ce romonta ne.

A watan Rajab, da hantsi, kasha ta zo ta wuce. Yaya ta dawo da kayanta daga bayan wani shago inda ta ɓoye, ta sunkuya za ta gyara gawayi, sai ta kife. Waɗanda ke wurin sun ce ba ta yi ƙara ba, ba ta dafa komai ba, ta tafi kawai kamar an zare mata ƙashi. Butar ta bi ta, ruwan ya kwashe mata fatar hannun dama daga gwiwa zuwa wuyan hannu. Direbobi suka yi ta zuba mata ruwa, wani ya fasa albasa ya kai mata hanci, wani ya ce rana ce, wani ya ce sukari. Kafin a zo a kira ni ta farfaɗo, na same ta zaune a ƙasa tana tambayar wa ya tafi bai biya ba. Muka kai ta asibiti, aka ɗaure ƙunar, aka yi rasmin ƙalbi na minti ɗaya. Ba a ga komai ba sai tabon da aka sani.

Na nemi daktorarmu har na same ta a baranda tsakanin majinyata biyu. Ta saurare ni a tsaye. Na ba ta labarin angarib da mafici. Abin da ta gaya mini shi ne wannan, in na ɓata shi laifina ne ba nata ba. Ta ce zuciya na da wutarta da ke tsara bugu, kuma inda zabha ta bar tabo, wutar kan yi tuntuɓe. Wani lokaci ta rikice na ɗan lokaci ta dawo hanya, mutum ya ji fiffike ko jiri. Wani lokaci ta rikice har jini ya kasa kai wa kai, mutum ya faɗi. Wani lokaci kuma ba ta dawowa. Ta ce hoton zuciyar Yaya ya nuna ƙarfin turawarta ya ragu, kuma mai irin wannan da ya faɗi babu gargaɗi, shi ne wanda take jin tsoro a kansa. Ta ce holta ba ta duba, ranar da aka rataya ta kawai take gani, kuma ko a ƙasashen da ke da komai likitoci na ta neman hanyar da za su gane wa ke cikin haɗari kafin ya faɗi, ba su gama ba. Rana ɗaya mai tsabta ba ta wanke mutum. Balle ranar da aka wanke ta da gangan.

Na tambaye ta, in an kama abin a kaset, akwai abin yi? Ta ce akwai. Akwai magungunan da za ta sauya ko ta ƙara, amma ba ta so ta ba da su a makance, don wasunsu in an ba wanda bai dace ba su ne ke kawo abin da ake gudu. Akwai kuma wata na'ura da ake dasa wa mutum a ƙirji, wadda sai an fita waje, kuma babu kwamitin da zai saurari maganar fita waje da takarda mai cewa salim. Nan take ta rubuta a sake gwajin, kwana biyu a jere, Yaya na bakin aikinta, a cire filastar maɓalli. Ta ƙara mata wani magani na riƙon ƙwarya, ta ce ta bar aiki har a gani.

Na biyar. Na kai takardar daktora tagar ɗakin na'ura. Aka ce mini akwai umarni daga ofishinka: wanda sakamakonsa ya fito salim ba ya sake shiga layi sai shekara ta zagayo, don a ba wasu dama. Kwana biyu a jere kuwa babu shi a tsari, na'ura ba ta kwana biyu a waje. Zuwa da ita bakin wuta kuma, mai tagar ya dube ni kamar na ce a ba ni aron matarsa. Na hau sama wurin mataimakinka, aka ce yana taro. Na koma, aka ce ya tafi ta'aziyya. Na sake komawa, aka ce in rubuta, za a sa a gaban kwamiti. Na rubuta. Kwamitin, in ji sakatare, yana jiran a naɗa masa shugaba. Kowace tafiya sai na rufe rumfa na haye gada, har mai shayin ƙofar asibitinku ta san yadda nake shan nawa. Ita ma, in ka lura, a guje take rayuwa.

To ka ga inda muka tsaya. Dokar farko ta sa gwajin ya fito salim. Doka ta biyu ta ce tunda ya fito salim ba za a sake ba. Ni ɗan kasuwa ne, na san ciniki mai kyau in na gan shi, kuma wannan ko ni ban taɓa ƙulla irinsa ba. A rumfata ko takalmin roba mutum ba ya biya sai ya sa ya taka, ya je bakin layi ya dawo. Da zan ce wa masu saye su gwada a zaune, sannan in rubuta a allo cewa wanda ya gwada ba ya dawo da kaya, da tuni na gina bene.

Za ka ce ta bar aikin mana, kamar yadda daktora ta ce. Na faɗa mata. Na ce zan ɗauki cefanen gidanta. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce kai da na share wa majina, yaushe ka yi arzikin riƙe gida biyu, matarka ta sani? Ta ce gindin darbejiyar nan in ta bar shi mako guda wata za ta kafa kanun, kuma ba a ƙwato inuwa a kotu. Ta ce asibitin gwamnati da kansa ya rubuta mata lafiya da hatimi, ni wane ne, ko na fara karatun likita a tsakanin takalma? Takardarku ta zame mata makami a kaina. Ta zauna kwanaki kaɗan don ƙunar, ta koma da bandeji, tana zuba shayi da hagu.

Tun daga ranar ban zauna ba. Tsakanin rumfata da tashar akwai 'yar tafiya, kuma ina yin ta sau da yawa a yini har maƙwabtana sun daina tambaya. Ina cikin ciniki sai in ji hayaniya daga wajen tasha, in bar mutum da takalmi ɗaya a ƙafa in fita. In na iso na same ta tana fifita wuta, sai ta ce ga ɗan leƙen asiri ya zo shan na banza, ta miƙo mini kofi. In sha, in duba fuskarta, in koma. Raksha ba ta tsayawa a bakin layinmu ban miƙe ba. Jiya ta ce mini tantabarar ta motsa sau biyu da safe, ta faɗa kamar mai ba da labarin farashin sukari.

Kuma ba ita kaɗai ba ce. Ranar Juma'a na ba da wannan labari a ƙofar masallaci, sai wani dattijo mai aikin gidan burodi a Hajj Yusuf, wanda ke yini a bakin tanda, ya laluba aljihu ya fito da tasa takardar, a ninke cikin leda. Shi ma zabha, shi ma holta, shi ma salim. Ya ce ranar gwajinsa 'ya'yansa ko buta ba su bar shi ya ɗauka ba. Ya tambaye ni, to tawa fa? Na ce masa ni takalma nake sayarwa.

Ba na cewa komai laifinka ne, Sa'adatak. Na san akwai takunkumi, kayan gyara ba sa shigowa sai ta bayan gida. Na san na'urorin biyu ne, ɗaya ta mutu ana cin kayan cikinta. Na san likitocinku na tafiya Saudiyya da Khalij, ƙasashen masu mai, ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka rage kowanne na aikin mutum uku. Na san wuta na ɗaukewa. Amma na kuma ga sabuwar ƙofar asibiti mai tayil da fitilu, wadda aka buɗe da yankan sa da baƙi masu taurari a kafaɗa, kuma ban ji an ce takunkumi ya hana tayil shigowa ba. Abubuwan da zan roƙa yawancinsu ba sa buƙatar jirgin ruwa. Biro suke buƙata.

Ina roƙo a sake rataya wa Halima holta kafin azumi, kwana biyu kamar yadda likitarta ta rubuta, tana bakin aikinta. Ni ne damini, na yarda. In kasha ta zo, ni zan gudu da butar, amma a bar zuciyar ta ji ihun.

Ina roƙo a soke dokar shekara ga duk wanda ya suma ko ya faɗi bayan sakamako mai kyau. Wanda ya faɗi ya riga ya kawo sabon sakamako da jikinsa.

A cire filasta daga maɓalli, a nuna wa majinyaci amfaninsa. A gaya masa da danginsa, da harshen da suke ji, cewa ranar gwaji ranar aiki ce: mai tanda ya je tanda, mai dako ya yi dako gwargwadon abin da likita ya yarje masa, 'yan dubiya su dakata sai an cire wayoyi. Wanda zai karanta kaset kuma ya tambayi mutum yadda ya yini kafin ya sa hatimi.

A sayi faifan mannawa sababbi masu jure gumi. In babu kuɗi a faɗa mana inda ake samu, mu masu jinya za mu haɗa mu saya, mun saba sayen allura da auduga da zaren ɗinki.

A ba duk mai ɗauke da na'urar kati mai hatimi da zai nuna a gada. A sassauta wa damini, ya biya in ya yi sakaci, kada ya biya don ɗan'uwansa ya rayu kamar yadda ya saba. Injin tafiyar nan kuma da na gani a ƙarshen baranda, wanda aka ce na gwada zuciya ne lokacin wahala, yanzu ana shanya darduma a kansa, a duba ko gyaransa ya fi ƙarfin ƙasar nan.

Ku kuma mutanenmu, iyayena mata musamman, Allah ya saka muku da alheri, babu wanda ya kai ku jinya. Amma in kun ga an dawo da wani da wayoyi a ƙirji, ku riƙe romon sai gobe.

Ina roƙon Allah ya ƙara maka lafiya, Sa'adatak, ya tsare zuciyarka da ta iyalinka, ya sa kada ka taɓa sanin baranda daga ɓangaren benci. Allah ya ba ka ikon yin adalci a kan abin da aka damƙa maka, ya sa wa likitocinka albarka, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. In na yi kaushi a wani wuri ka yafe, bakin kasuwa ne.

Wassalamu alaikum.

Naka,
Bashir Adamu, mai takalma,
Umbadda.

Na riga na sa hannu sai na ji ana gudu ta wajen tasha, na fita. Ba kasha ba ce, wani jaki ne ya ƙwace da amalanke. Yaya na nan a tsugune tana zuba wa wani direba jabana, takardarku na ƙulle a bakin tob ɗinta inda take ajiye canji. In ta sake kifewa ba ta tashi ba, wa za mu ce ya yi ƙarya, ita ko kaset ɗin?